Babi na Uku: Wake a Matsayin Koren Taki da Yadda Ake Haɗa Takin Gida

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan hanyoyi biyu da manomi ko mai lambu zai iya bi domin ya mayar wa ƙasarsa ƙarfinta ba tare da ya dogara kacokan a kan takin zamani ba. Hanya ta farko ita ce a shuka wake a binne shi tun yana ɗanye. Ta biyu kuwa ita ce a tara kashin dabbobi da sharar gida da ragowar amfanin gona a ruɓar da su. An haɗa su a babi guda ne saboda a ƙasar Hausa ba su cika rabuwa ba, domin waken da ba a binne ba, galibi ta cikin akuya ko tunkiya yake bi kafin ya sake komawa gona.

A da can, idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura na wasu shekaru, ciyawa da itatuwa su fito su raya ta, manomi kuma ya koma ya yi sassabe a wani wurin. Yawaitar jama'a da rarrabuwar gonakin gado sun kawo ƙarshen wannan al'ada a mafi yawan yankunan Kano da Katsina da Maraɗi, ta yadda gona ɗaya ce ake nomawa kowace damina. Binciken da Stoorvogel da Smaling suka fitar a 1990 ya ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1980 kowace hekta ta ƙasar noma a Afirka kudu da Sahara tana asarar kimanin kilo 22 na naitirojin da kilo 2.5 na fosfaras da kilo 15 na fotashiyam a kowace shekara, wato abin da amfanin gona da zaizaya ke fitarwa ya ɗara abin da ake mayarwa. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2006 suka ƙudurci a ɗaga amfani da takin zamani daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, amma wa'adin ya cika ba a kai ga haka ba. A 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, farashin taki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, har manoma da dama a Arewacin Nijeriya suka rage noman masara suka koma ga amfanin da bai cika cin taki ba. Saboda haka batun da ke gaban wannan babi batu ne na abin da zai shiga rumbu.

3.1 Ma'anar Koren Taki

Koren taki shi ne tsiron da aka shuka da niyyar a mayar da shi cikin ƙasa tun yana kore, domin ya ruɓe ya ciyar da shukar da za ta biyo baya. Ya kamata a bambanta shi da abin da manoma ke kira ɗanyen taki, wato kashin dabbobin da bai gama ruɓewa ba. Haka kuma ya bambanta da ciyawar da ake rufewa lokacin huɗa, ko da yake aikinsu ya yi kama, domin ita ciyawar ba shuka ta aka yi ba. Duk da haka, manomin da ya saba ganin yadda kunyar da aka rufe wa ciyawa mai yawa take fin 'yar'uwarta kyau, ba zai yi wuyar fahimtar hikimar koren taki ba.

Dabarar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Girka mai suna Theophrastus ya rubuta cewa mutanen Makidoniya da Tasaliya sukan kifar da gonar wake a lokacin da yake fure. A ƙasar Sin ma, littafin noman da Jia Sixie ya rubuta a ƙarni na 6 ya yaba binne wani nau'in ɗan ƙaramin koren wake domin gyaran gona. A ƙasashen Turai da Amurka masu sanyi, waken fis na daga cikin abin da masu lambu suka fi shukawa don wannan aiki, sau da yawa a gauraye da wani hatsi da zai riƙa hawa. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan wurare dangin wake aka zaɓa. A ƙasar Hausa dangin sun haɗa da wake da gyaɗa da gujiya da waken suya, har ma da itatuwa irin su gawo, wanda kowane manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa.

3.2 Yadda Wake ke Samar da Naitirojin

Naitirojin shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, rashinsa kuma shi ke sa a ga masara ta yi rawaya tun daga ganyen ƙasa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, sai dai yana cikin wani yanayi da gero ko dawa ba za su iya amfani da shi ba. Wake ma da kansa ba zai iya ba. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wasu ƙwayoyin halitta a cikin ƙasa, dangin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, da ake kira raizobiya. Idan saiwar wake ta fara yaɗuwa sai su shiga ta cikin ƙananan gashinta, saiwar kuma ta yi musu ƙulli su zauna a ciki. Wake yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana, su kuma suna juya naitirojin na iska ya koma sinadarin da wake zai iya sha. Wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka bayyana wannan alaƙa a 1886, sannan a 1888 Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware ƙwayar halittar daga cikin ƙullin.

Ana iya tabbatar da wannan a gona ba tare da wata na'ura ba. Idan wake ya yi kwana 30 zuwa 40, sai a haƙo gindi ɗaya a hankali da fartanya, a wanke saiwar, za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. Idan aka fasa ɗaya da farce aka ga cikinsa ja-ja kamar ruwan nama, to yana aiki. Idan fari ne, ko dai bai fara ba ko kuma ba mai amfani ba ne, idan kuwa ya yi kore ko ya yi baƙi-baƙi, ya tsufa ya daina. Wajibi ne a rarrabe wannan ƙulli da kumburin da tsutsar saiwa ke haddasawa. Ƙullin raizobiya a gefen saiwa yake, ana iya ɓantare shi da yatsa, shi kuwa kumburin cuta jikin saiwar ce kanta ta kumbura, ba ya ɓantaruwa.

Wake ya yi sa'a ta wannan fuska, domin asalinsa ɗan Afirka ne, kuma irin raizobiyar da yake hulɗa da ita tana nan a mafi yawan ƙasashen noma na yankin, ba sai an sayo an shafa wa iri ba. Amma akwai abubuwan da ke hana aikin tafiya. Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne ƙarancin fosfaras, wanda ya zama ruwan dare a jigawar Arewa da ta Nijar. Waken da bai sami fosfaras ba ba ya yin ƙulli mai yawa, ba ya kuma yin ganye. Wannan ne ya sa malaman gona ke ba da shawarar a sa wa wake takin sufa, ko garin dutsen fosfat irin wanda ake samu a yankunan Sakkwato da Tawa, maimakon yuriya. Hasali ma idan aka cika wa wake yuriya sai ya yi kasala ya rage ƙulli, tunda ya sami abin da yake nema a ɓagas. Fari da kwanciyar ruwa su ma suna tsayar da aikin. A nan ya kamata a fahimci iyakar abin: naitirojin kaɗai wake ke kawowa daga waje. Fosfaras da fotashiyam da ke jikinsa daga cikin ƙasar ya ɗebo su, binne shi mayar da su ne kawai inda suka fito.

3.3 Abin da ke Fita da Abin da ke Saura

An saba jin cewa wake yana gyara gona, kuma maganar tana da gaskiya, amma tana bukatar lissafi. Mafi yawan naitirojin da wake ya tara ba ya zama a saiwa. Yana hawa ganye da reshe, idan kuma wake ya fara 'ya'ya sai ya ƙaura daga ganye ya koma cikin ƙwaya. Ƙwayar wake tana da furotin kimanin kashi 24 cikin 100, wanda ke nufin buhu mai kilo 100 yana ɗauke da naitirojin kusan kilo 4. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa naitirojin da ke cikinsa kilo 23 ne, tunda kashi 46 cikin 100 ne. Ke nan manomin da ya kai buhu 6 na wake kasuwa ya fitar da abin da ya kai buhun yuriya guda daga gonarsa. Busasshiyar harawa tana da naitirojin kimanin kashi 2 cikin 100, saboda haka tan ɗaya nata ya tafi da wani kilo 20 ɗin. Idan an yi roro, aka kuma tumɓuke harawar har da saiwa aka ɗaure, abin da ya saura a gona shi ne ganyen da ya kaɗe da guntattakin saiwa, kuma wannan kaɗan ne. A gonar da aka yi wa wake gicci jefi-jefi a tsakanin gero da dawa, inda inuwa ta danne shi, abin da ya tara tun farko ma ba shi da yawa.

Binne wake yana kore ya sha bamban. A ƙaddara an shuka shi da kauri ya ba da ganye da reshen da, in an busar, za su kai tan 2 a hekta, naitirojin da ke ciki kuma kashi 3 cikin 100. Wannan ya zama kilo 60, kwatankwacin buhun yuriya biyu da rabi. Sai dai ba duka ne shukar da ta biyo baya za ta samu ba. Abin da take sha a karon farko bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wani ɓangare yana zama cikin ƙasa ya riƙa fita a hankali, wani kuma ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa can inda saiwa ba ta kaiwa, musamman a ƙasa mai rairayi. Amma akwai ribar da buhun yuriya ba ya bayarwa, wato ruɓaɓɓen ganyen da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe danshi.

Bayan naitirojin, akwai wata fa'ida da ke sa hatsi ya yi kyau a inda aka noma wake bara. Wuta-wutar da ke kama dawa da gero da masara ba ta iya kama wake, kuma saiwar wasu irin wake da waken suya tana yaudarar 'ya'yanta su tsiro su mutu don rashin abin maƙalewa. Sai dai shi ma wake yana da tasa wuta-wutar ta daban, wadda ke yaɗuwa idan aka dinga maimaita shi a gona ɗaya.

3.4 Dalilin da Ya Sa Binne Wake Bai Karɓu Ba

Tunda amfanin a fili yake, ana iya tambayar abin da ya hana manoman ƙasar Hausa rungumar wannan hanya, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Amsar ba jahilci ba ce, kamar yadda wasu kan yi gaggawar faɗa.

Dalili na farko shi ne gajertar damina. A yankin Kano ruwa kan zauna ne daga watan Yuni zuwa Satumba, a Maraɗi da Damagaram kuma abin bai kai haka ba. Wanda ya ba wake kwana 45 na farkon damina ya binne, ya kuma jira ya ruɓe, ba shi da sauran lokacin da dawa za ta nuna. Wanda kuma ya binne a ƙarshen damina, ƙasa za ta bushe kafin ganyen ya ruɓe, gara da zafin rani su cinye mafi yawansa kafin shuka ta gaba. Tun zamanin Turawa an ga wannan bambanci. A shekarun 1920 an yi gwajin binne wani nau'in ƙarara marar ƙaiƙayi a gonar gwaji ta Moor Plantation da ke Ibadan, inda damina ke da tsawo, aka kuma ga amfaninsa ga masara. A Arewa kuwa Ma'aikatar Gona ta karkata ne ga shirin noman shanu daga ƙarshen shekarun 1920, wato manomi ya ajiye bijimai su ja garma, kashinsu kuma ya zama taki.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne darajar harawa. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Kano da kaka zai ga dammunan harawa a kan rufin ɗakuna da rassan itatuwa. Da ita ake riƙe tumaki da awaki har faɗuwar ruwa, da ita ake kiwon ragon layya, kuma da bazara tsadarta kan sa wani lokaci kuɗin harawa ya yi kusa da na ƙwayar. Akwai ma irin waken da don ganyensa aka fi noma shi, kamar kanannado mai yaɗo da daɗewa, saɓanin ɗan'ila da ke saurin yin 'ya'ya. A ce wa irin wannan manomi ya binne harawarsa daidai yake da a ce ya binne abincin dabbobinsa da kuɗin cefanen bazara.

Ba kuma asara ƙasar take yi gaba ɗaya ba. Nazarin da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a yankin da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso ake kuma noma gona kowace shekara, ya nuna cewa abin da ya riƙe ƙasar shi ne wannan zagaye: harawar wake da ta gyaɗa ta shiga turke, dabbobi su ci, a kwashi takin a mangala a kan jaki ko a amalanke a mayar gona da rani. Naitirojin da wake ya kamo daga iska yana komawa gona, ko da yake ya ragu a hanya, manomi kuma ya sami nama da nono da kuɗi a tsakani. Cibiyoyin bincike sun fahimci haka. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, da reshen IITA da aka buɗe a Kano a 1990, sun mai da hankali ga fitar da irin wake mai amfani biyu, ƙwaya da harawa, tare da tsarin shuka layi 2 na hatsi da layi 4 na wake domin wake ya sami rana.

3.5 Inda Binne Wake Ya Dace

Wurin da koren taki ya fi dacewa shi ne lambu da fadama da ɗan filin bayan gida, inda ake da ruwan ban-ruwa kuma abin da ake shukawa yana da tsadar da za ta biya wahalar. Mai noman rani yakan gama cire albasa ko tumatir ko alkama a watan Maris ko Afrilu, filin kuma ya zauna haka nan har damina. Wannan tazara ta ishi wake, domin yana son zafi, kuma ban-ruwa kaɗan ya wadatar da shi. Haka nan wanda zai dasa kayan lambu a watan Oktoba zai iya shuka wake a watan Agusta a filin da ba ruwa ke kwanciya ba.

Ana shuka shi da kauri fiye da na neman ƙwaya, kamar taƙi ɗaya tsakanin rami da rami, domin ya rufe ƙasa da wuri ya danne ciyawa. Ba a bukatar iri mai tsada ko feshin magani, tunda ƙwarin da suka fi damun wake fure da 'ya'ya suke bi. Lokacin sara shi ne sa'ad da fure ya fara bayyana, wato tsakanin kwana 40 zuwa 50 ga mafi yawan iri. A wannan lokaci ganye ya cika, jikinsa bai yi tauri ba, naitirojin kuma bai ƙaura zuwa ƙwaya ba. Sai a sare shi daga gindi a bar saiwar a ƙasa, a sassara shi gutsi-gutsi, a bar shi ya yi yaushi na kwana ɗaya ko biyu, sannan a kwantar da shi a kwarin kunya a yi huɗa a rufe. Zurfin taƙi ɗaya ya isa. Idan aka zurfafa da yawa, musamman a ƙasar laka, iska ba za ta kai ba, sai ya yi tsami da wari maimakon ya ruɓe. Dole ne ƙasa ta kasance da danshi, a kuma jira mako 2 zuwa 3 kafin a yi shuka ko dashe, domin ganyen da ke tsakiyar ruɓewa yakan hana iri tsira, ya kuma jawo tsutsotsin da ke cin ƙananan tsirrai. Kada kuma a wuce wannan lokaci da yawa idan ana ruwa, don kada marka ta wanke abin da aka tara.

Shi kuwa waken fis, ba ya jure zafi, shi ya sa a Nijeriya ake noma shi a tsaunukan Jos ko kuma da hunturu a wuraren ban-ruwa. Yana da wata fa'ida guda ga mai lambu: da yake ɗanye ake tsinke 'ya'yansa a kai kasuwa, jikinsa kan kasance da sauran kore bayan an gama tsinka, don haka ana iya samun kuɗin 'ya'yan a kuma binne sauran. Sai dai raizobiyarsa daban ce da ta wake, kuma ba lallai ne a same ta a filin da bai taɓa ganin fis ba, saboda haka a duba saiwarsa kafin a ɗauka cewa ya ƙara wa ƙasa wani abu.

Akwai gargaɗi guda ga masu tumatir da kuɓewa da tattasai. Tsutsar saiwar da aka ambata a baya tana kama wake da fis kamar yadda take kama su. Filin da aka san yana da wannan cuta, shuka masa wake ƙara mata abinci ne, gara a bi bayan waken da masara ko dawa ko albasa.

3.6 Takin Gida

Tunda mafi yawan harawa ta turke take bi, ingancin takin gida shi ne zai nuna yawan abin da zai koma gona. A nan ne ake yin babbar asara ba tare da an lura ba. Kusan rabin naitirojin da dabba ke fitarwa, ko fiye, yana cikin fitsari ne, kuma idan turke fili ne ƙwal, fitsarin yakan nutse ko ya bi iska. Warin da ke hawa kai a turke ko a akurkin kaji, naitirojin ne ke tafiya. Maganin wannan shi ne a riƙa shimfiɗa abin da zai tsotse shi, kamar ƙaiƙayi da buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da ragowar karan da dabbobi suka bari, a kuma tara takin a inuwa a rufe. Al'adar kai taki gona tun tsakiyar rani a zuba shi tsibi-tsibi ƙanana rana tana dukansa wata da watanni ita ma tana rage masa ƙarfi. Idan ya zama dole a kai da wuri saboda samun jaki ko amalanke, gara a yi babban tsibi guda a lulluɓe shi da ƙasa, a baza idan shuka ta matso.

Hanyar ruɓar da taki a rami ko a tsibi, wadda Albert Howard ya tsara a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, ta ginu ne a kan haɗa busasshe da ɗanye. Busasshen abu irin su kara da ƙaiƙayi yana da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, shi ya sa yake daɗewa bai ruɓe ba, kuma idan aka binne shi haka nan ƙwayoyin halittar da ke cinsa sukan ƙwace naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa, shuka ta yi rawaya. Ɗanyen ganyen wake da kashin dabbobi kuwa naitirojin ɗinsu ya yi yawa, su kaɗai sai su dame su yi wari. Haɗuwarsu ce ke ba da taki mai kyau, kuma abin da ake nema shi ne kabon ya ninka naitirojin sau 25 zuwa 30. A aikace wannan na nufin kimanin kwando 2 ko 3 na busasshe ga kwando ɗaya na ɗanye.

A ƙasa mai zafi da bushewa rami ya fi tsibi, domin ya fi riƙe danshi. Ana haƙa shi a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita ɗaya, a wurin da ruwa ba ya taruwa. A fara shimfiɗa sassararren kara a ƙasa domin iska, a bi da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya, sai kashin dabbobi, sai a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika ya yi tozo, sannan a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Ruwan wanke-wanke marar sabulu da yawa ya isa. Gwajin danshi shi ne a damƙi takin a matse: ya jiƙa hannu amma kada ruwa ya zubo. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 zuwa 5, in aka zaro ta za a ji ta da zafi, domin cikin ramin kan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe mafi yawan 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. Sandar da ta fito da sanyi a bushe tana nuna ƙarancin ruwa ko na ɗanyen abu, wadda ta fito da wari da yauƙi kuma tana nuna ruwa ya yi yawa. Ana juya takin bayan kowane mako 2 ko 3, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi ya yi laushi, zafin ya tafi, ƙamshinsa ya koma irin na ƙasar da ta sha ruwan farko.

Toka tana da fotashiyam da sinadarin da ke rage tsamin ƙasa, amma ba ta da naitirojin ko kaɗan, domin wuta ta kore shi, wanda shi ne dalilin da ya sa ƙona kara a gona yake asara. Barbaɗawa kawai ake yi. Idan aka zuba ta da yawa a kan ɗanyen kashin kaji sai ta saki naitirojin ɗinsa ya bi iska. Kashin kaji da na tattabaru sun fi na sauran dabbobi ƙarfi, kuma suna ƙona shuka idan ba su ruɓe ba. Takin bolar birni, wanda manoman kewayen Kano suka daɗe suna saye, yanzu yana zuwa da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, dole a tace shi, batura kuma a raba su da gona sam saboda gubar da ke cikinsu. Ba a sa kashin kare ko na kyanwa ko mushe a ramin da za a kai wa lambu. Ga kayan da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji da karas, kashin da bai ruɓe ba yana bukatar tazarar wata 3 zuwa 4 tsakanin zuba shi da girbi.

Naitirojin da ke cikin irin wannan taki bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, saboda haka da yawa ake bukatarsa, kuma gida ɗaya da wuya ya tara abin da zai wadaci dukkan gonakinsa. A fangalin lambu ana zuba kaurin yatsa biyu a cuɗa da ƙasar sama mako ɗaya kafin dashe. A babbar gona kuwa, maimakon a watsa shi ko'ina ya ɓace, ana zuba cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka, kamar yadda manoman yankin Tawa ke yi a ramukan tassa, inda takin ke jawo gara ta huda ƙasa ruwa ya sami hanyar shiga. Wanda ya iya sayen kamfa ko sufa ko da mudu kaɗan ne, sai ya ƙara ɗan tsunkule a ramin tare da takin gidan, domin ƙasar da ta sami ruɓaɓɓen taki ta fi riƙe na zamani har saiwa ta kai gare shi.